Sai An Hau Aji Ake Zama Gwarzo a Damben Zamani?

Daren 13 ga Satumba, 2025, sama da mutum dubu 70 suka cika filin wasa na Allegiant da ke Las Vegas, suka zuba ido Terence Crawford yana yin abin da masana dambe da yawa suka rantse ba zai yiwu ba. Mutumin da ya fara ɗaukar kambun duniya a ajin kilo 61 a shekarar 2014 ya hau har ajin kilo 76, ya iske Canelo Álvarez na Meziko a inda yake sarauta, suka yi turmi goma sha biyu, alƙalan uku duka suka ba Crawford. Yana da shekara 37 a lokacin. Ya tafi da kambuna huɗu a dare ɗaya, ya zama namiji na farko da ya haɗe dukkan kambunan aji uku daban-daban tun da aka shiga zamanin kambuna huɗu.

Kafin gari ya waye tsohuwar gardama ta farka. Duk ɗan damben da ya daɗe yana mulkin ajinsa aka shiga nuna shi da yatsa: me yake jira? In ya isa, ya hau sama mana. A wurin masu wannan ra'ayi, wanda ya zauna a aji ɗaya har ya yi ritaya ya zaɓi sauƙi ne, komai yawan waɗanda ya doke.

Maganar tana da tushe, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. An ƙirƙiro azuzuwan nauyi ne saboda kowa ya san babban jiki yana da rinjaye: naushinsa ya fi nauyi, ya fi jure duka, in an rungumi juna shi ke gajiyar da ƙaramin. Saboda haka duk wanda ya ajiye wannan kariyar da kansa ya je ya kayar da wanda ya fi shi girma, ya nuna wani abu da sikeli ba ya iya aunawa. Masu kallon damben gargajiya a ƙasar Hausa ba sai an yi musu dogon bayani ba, don a fagensu ba a san sikeli ba tun asali, kuma ranar da ɗan ƙaramin ɗan dambe ya yi kisa a kan ƙato, ranar ce makaɗa ke kwana da sunansa.

Tarihin damben zamani ma cike yake da irin wannan. Bob Fitzsimmons, maƙeri haifaffen Ingila da ya tashi a New Zealand, ya ɗauki kambun matsakaita nauyi a 1891, sannan a 1897 ya tunkari James J. Corbett, zakaran masu nauyi, ya sa masa naushi a ciki a turmi na 14, Corbett ya kasa tashi. Nauyin Fitzsimmons a ranar bai wuce kilo 76 ba. Henry Armstrong kuwa abin da ya yi har yau ba a maimaita ba. Tsakanin Oktoban 1937 da Agustan 1938, cikin wata goma, ya karɓe kambun kilo 57 daga Petey Sarron, ya tsallake ya karɓe na kilo 67 daga Barney Ross, ya dawo ya karɓe na kilo 61 daga Lou Ambers, ya riƙe ukun lokaci guda. Ranar da ya doke Ross ko nauyin ajin da ya tsallake bai cika ba.

Sai dai akwai abin da masu kafa hujja da Armstrong kan manta. A zamaninsa azuzuwan da ake ji da su takwas ne, kuma galibi zakara ɗaya ne a kowane aji. Uku cikin takwas ya riƙe, kusan rabin duniyar dambe ke nan. Yau azuzuwan sun kai 17, har an fara ƙara na 18, kuma ƙungiyoyi huɗu ne ke raba kambu: WBA, da WBC da aka kafa a 1963, da IBF ta 1983, da WBO ta 1988. In aka lissafa, kambuna 68 ke yawo, ban da ƙananan da ƙungiyoyin ke ƙirƙira don karɓar kuɗin rajista. A can ƙasa, tazarar da ke tsakanin aji da aji ba ta kai kilo biyu ba. Ɗan dambe mai manaja mai wayo yana iya duba zakarun huɗu na ajin da ke samansa, ya zaɓi mafi rauni, ya doke shi, washegari jaridu su kira shi zakaran aji biyu alhali bai taɓa haɗuwa da gwanin ko ɗaya daga cikin azuzuwan ba.

Adrien Broner na Amurka ya ɗauki kambu a aji huɗu. Carlos Monzón na Ajantina aji ɗaya kawai ya sani. Babu mai hankalin da zai ajiye sunayen nan biyu a layi ɗaya. Duk lokacin da Broner ya haɗu da na gaske, irin su Marcos Maidana a 2013 da Shawn Porter a 2015 da Mikey Garcia a 2017, kashi ya sha.

Har manya ma sun ci moriyar wannan tsari. A Nuwamban 1988 Sugar Ray Leonard ya kara da Donny Lalonde na Kanada, zakaran WBC na kilo 79. Aka shirya wasan a kilo 76, wato Lalonde ne ya sauko ya rage jiki, aka kuma ɗora sabon kambun kilo 76 a kan wasan. Leonard ya faɗi a turmi na huɗu, ya tashi ya gama da shi a na tara, ya fita da kambun aji biyu daga wasa ɗaya. Manny Pacquiao na Filifin, wanda shi kaɗai ne ake lissafa wa aji takwas, ya ɗauki na takwas ɗin ne a 2010 a kan Antonio Margarito, a wasan da aka yanke nauyinsa ƙasa da iyakar ajin, kuma bai taɓa kare kambun ba. Wannan ba ya rage bajintar daren, don Margarito ya shiga fage da kusan kilo 75, ya fi Pacquiao da wajen kilo takwas, amma Pacquiao ya yi masa dukan da ya fasa masa ƙashin ido. Abin lura shi ne girman daren ya fito ne daga girman mutumin da aka doke, ba daga lambar takwas ba.

Akwai kuma hawan da ba hawa ba ne, girma ne kawai. Pacquiao ya fara damben kuɗi a 1995 yana ɗan shekara 16, yaro mai fama da yunwa, nauyinsa kilo 48. Canelo ya fara yana ɗan 15. Yaron da ya fara a wannan shekarun dole jikinsa ya buɗe, ko yana so ko ba ya so, azuzuwan farko zai bar su ne kamar yadda yake barin tufafin ƙuruciya. Wanda kuwa ya shigo damben kuɗi da cikakken jiki, bayan ya daɗe a damben sha'awa, irin Gennady Golovkin na Kazakistan, ba shi da wannan garaɓasar. A ƙara da cewa tun shekarun 1980 ake awon nauyi kwana ɗaya kafin wasa, ba ranar wasan ba. Ɗan dambe kan matse ruwan jikinsa ya hau sikeli, ya sauka ya sha ya ci, washegari ya shigo da ƙarin kilo biyar ko bakwai, wani ma fiye. Da yawa daga cikin waɗanda ake yaba wa da hawa aji, daina azabtar da kansu kawai suka yi, suka koma inda jikinsu yake tun farko.

To su waɗanda suka zauna fa? Monzón ya ƙwace kambun matsakaita nauyi na kilo 72.5 daga Nino Benvenuti a birnin Rum a 1970, ya kare shi sau 14, ya ajiye safar dambe a 1977 ba wanda ya karɓe shi. A fage kawai ake wannan yabon, don a waje mutumin ya ƙare da hukuncin ɗauri bisa kisan matarsa. Marvin Hagler, bahagon da manyan ajin suka yi ta kauce wa shekara da shekaru, ya samu kambun a Landan a 1980 lokacin da ya farfasa fuskar Alan Minter cikin turmi uku, 'yan kallo suka yi ta jifa da kwalabe. Ya riƙe shi har 1987, ya kare shi sau 12. Tun daga wasansa na farko a 1973 har na ƙarshe, aji ɗaya ya tsaya, kuma ba a taɓa yi masa dukan kwaf ɗaya ba. Zama a kilo 72.5 na tsawon shekara goma sha huɗu, ba ƙari ba ragi, kullum ana turo maka sabon matashi mai yunwa wanda ya yi shekaru yana nazarin yadda kake jefa hannu, wannan ma jarrabawa ce, kuma kaɗan ne suka ci ta.

Masu suka suna da abin cewa a nan, kuma yana da nauyi. Manyan sunayen da ke cikin tarihin Hagler duk daga ƙasa suka hawo: Roberto Durán, da Thomas Hearns, da Leonard wanda ya karɓe kambun a hukuncin da har yau ake gardama a kansa. Monzón ma Emile Griffith da José Nápoles da ya doke, sarakunan kilo 67 ne. A lokacin Hagler, Michael Spinks yana mulkin kilo 79, Hagler bai je ba. Ashe su suka ɗauki kasada, shi ya zauna a gida yana jira?

Amsar tana cikin abin da mutanen suka yi bayan sun bar hannunsa. Hearns ɗin da Hagler ya shimfiɗe a turmi na uku a Afrilun 1985, a wasan da turminsa na farko ke cikin mafi zafi da aka taɓa gani, shi ne ya hau kilo 79 a 1987 ya ƙwace kambu daga Dennis Andries. Durán ɗin da Hagler ya doke da maki a 1983, shi ne ya ɗauki kambun kilo 72.5 daga Iran Barkley a 1989 yana ɗan shekara 37. Ba ƙananan mutane ba ne da aka kawo don a yi musu duka. Kuma a 1986 Hagler ya tsaya gaban John Mugabi na Yuganda, wanda kafin ranar bai taɓa barin abokin karawa ya ji ƙararrawar ƙarshe ba, ya sha naushinsa turmi goma, ya gama da shi a na sha ɗaya.

Hujja mafi sauƙi kuwa tana can sama. Joe Louis ya kare kambun masu nauyi sau 25 daga 1937. Muhammad Ali duk damben kuɗinsa a ajin ya yi. Ba su da ajin da za su hau, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce girmansu bai cika ba. Ali ya zama Ali ne saboda Sonny Liston da Joe Frazier da George Foreman. In hawa aji sharaɗi ne, to an rufe wa mafi shaharar 'yan dambe ƙofa ke nan tun kafin su fara.

Labarin Dick Tiger na Najeriya ya haɗa bangarorin biyu wuri ɗaya. Richard Ihetu, ɗan Amaigbo, ya ɗauki kambun matsakaita nauyi daga Gene Fullmer a 1962, ya sake doke shi a filin Liberty na Ibadan a Agustan 1963. A Disamban 1966, yana da shekara 37, gajere a ajin, ya hau kilo 79 ya karɓe kambu daga José Torres, ya maimaita masa a 1967. Wannan hawa ne na gaskiya, don zakara ɗaya ne a ajin kuma shi ya doke. Sai Mayun 1968 ta zo, aka haɗa shi da Bob Foster, dogo mai kusan santimita 190, wanda aka halitta domin wannan ajin. Naushin hagu ɗaya a turmi na huɗu, Tiger ya kwanta har aka gama ƙirga. Foster ya mulki ajin, ya kare kambun sau 14, amma ana cikin haka shi ma kwaɗayin sama ya ja shi. Frazier ya gama da shi a turmi na biyu a 1970, Ali ya yi ta kai shi ƙasa har ya gama da shi a na takwas a 1972. Mutumin da naushinsa ke sumar da 'yan kilo 79 ya tarar naushin bai girgiza masu kilo 95 ba. Ya dawo ajinsa ya ci gaba da sarauta, kuma har yau in ana lissafin gwanayen kilo 79 sunansa na cikin na farko-farko. Faɗuwar da ya yi a sama ta nuna iyakar jikinsa ne, ba iyakar gwanintarsa ba.

Haka Sugar Ray Robinson, wanda da yawa ke ɗauka a matsayin mafi gwanintar kowa. A Yunin 1952 ya hau ya tunkari Joey Maxim a filin Yankee na New York cikin zafin da ya kai wajen digiri 40. Zafin ya fara kayar da alƙalin wasa, aka canza shi bayan turmi na goma. Robinson yana gaba da maki nesa ba kusa ba, amma zagayen da yake yi wa mutumin da ya fi shi da kilo bakwai ya ƙarar da shi, ya kasa tashi daga kujera bayan turmi na 13. Azumah Nelson na Gana ya gwada kilo 61 a 1990, Pernell Whitaker ya doke shi da maki, ya koma ajinsa, a 1992 ya je har Melbourne ya kayar da Jeff Fenech a gaban mutanensa.

Waɗannan sun dawo lafiya. Wasu ba su dawo ba, kuma masu ihun a hau sama ba su ne ke kwana a asibiti ba. Kell Brook na Ingila, zakaran kilo 67 da ba a taɓa doke shi ba, ya tsallake aji biyu ya gamu da Golovkin a Satumban 2016. Ƙashin idonsa na dama ya fashe, kocinsa ya jefa tawul a turmi na biyar. Wata takwas bayan nan ya matse jiki ya koma kilo 67 don kare kambunsa, Errol Spence ya fasa masa na hagun. Roy Jones Jr. ya yi abin tarihi a Maris ɗin 2003 da ya doke John Ruiz ya ɗauki kambun masu nauyi na WBA, tsohon zakaran matsakaita nauyi na farko da ya yi haka tun Fitzsimmons, shekara 106. Amma naman da ya ɗora don hawa sai da ya sauke shi don komawa kilo 79, yana da shekara 34. A 2004 Antonio Tarver ya shimfiɗe shi a turmi na biyu, Glen Johnson ya ƙara masa bayan wata huɗu. Mutumin da a da ko taɓa shi ba a iya yi bai sake komawa yadda yake ba.

Ba a rasa dalilin kuɗi a cikin wannan kira. Suna biyu manya daga aji daban-daban sun fi sayuwa a talabijin fiye da zakara da wani gwanin da ba a san shi ba, ko da gwanin ya fi haɗari. Amir Khan ya hau ya gamu da Canelo a 2016, aka sumar da shi a turmi na shida. Jermell Charlo ya tsallake aji biyu zuwa wurin Canelo ɗin a 2023, ya yi turmi goma sha biyu yana ja da baya. Wasannin nan sun tara kuɗi, amma ba su amsa wata tambaya ta dambe ba. A shekarar da aka haɗa shi da Khan, Canelo ya gwammace ya ajiye kambun WBC da ya gamu da Golovkin nan take, mutumin da ke daidai nauyinsa. Sai 2017 aka yi wasan, aka ce canjaras, mafi yawan masu kallo suna ganin Golovkin ne ya ci. Wani lokaci wasan da ya fi tsoro yana cikin ajin mutum, kallon sama ko ƙasa hanyar kauce masa ce.

Shi ya sa wasanni biyun da Artur Beterbiev da Dmitry Bivol suka yi a Riyad, a Oktoban 2024 da Fabrairun 2025, kowa ya ci ɗaya da ƙyar, suka fi yawancin wasannin tsallake aji daraja. Dukansu 'yan kilo 79 ne tun farkon damben kuɗinsu. Bivol ɗin ne kuma ya nuna wa Canelo iyakarsa a 2022.

Inda kiran hawa yake da gaskiya shi ne inda aji ya ƙare, ba sauran wanda za a doke, kuma jiki zai iya ɗauka. Oleksandr Usyk na Yukren ya haɗe kambuna huɗu na ajin kilo 91 a 2018 cikin wasansa na 15, ya doke Murat Gassiev a Mosko. Da ya zauna, da maimaici kawai zai yi ta yi. Ya hau, kamar yadda Evander Holyfield ya yi kafin shi, ya doke Anthony Joshua ɗan asalin Najeriya sau biyu, a Landan a 2021 da Jidda a 2022, sannan a Mayun 2024 ya doke Tyson Fury wanda ya fi shi da kusan kilo 18. Crawford ma bai bar kilo 63.5 ba sai da ya haɗe kambunan a 2017, bai bar kilo 67 ba sai da ya yi wa Spence dukan da aka tsayar a turmi na tara a 2023. Dukansu biyu sun share gida kafin su fita, kuma da suka fita zakaran gaske suka nufa.

Wanda wannan gardama ta fi shafa a 'yan shekarun nan shi ne Naoya Inoue na Japan. Ya fara ɗaukar kambu a kilo 49 a 2014 cikin wasansa na shida, ya haɗe kambuna huɗu na kilo 53.5 a 2022, ya sake haɗe na kilo 55 a 2023 da wasa biyu kacal. Duk da haka ana ta ce masa ya hau kilo 57. Tsawonsa santimita 165 ne. A kilo 55 ɗin ma Luis Nery ya kai shi ƙasa a turmin farko a 2024, Ramon Cardenas ya kai shi a turmi na biyu a 2025, abin da bai taɓa faruwa da shi a ƙananan azuzuwa ba, ko da yake duka biyun ya tashi ya gama da su. Román González na Nikaragwa ya bi irin wannan hanyar: aji huɗu, wasa 46 ba faɗuwa, har ya kai ajin da naushinsa ya daina tsorata mutane, Srisaket Sor Rungvisai na Tailan ya shimfiɗe shi a turmi na huɗu a 2017. A kilo 57 kuwa akwai irin su Rafael Espinoza na Meziko, wanda ya ɗauki kambun WBO a Disamban 2023, mai tsawon santimita 185. Inoue yana da ikon gwadawa in ya ga jikinsa ya kai, kuma in ya ci za a yaba masa da hujja. Amma ba bashi ba ne a kansa, kuma mutumin da ya riga ya hau aji huɗu ya share biyu daga ciki ƙaf bai rage wa kowa bayani ba in ya ƙi tsayawa gaban wanda ya fi shi tsawo da santimita 20.